Gwajin EEG ya fito lafiya, amma yaro bai daina firgita cikin barci ba

Tambaya: “Assalamu alaikum, Likita. Ni magidanci ne a unguwar Mabera, nan Sakkwato. Ina da yaro ɗan shekara 8. Kusan wata huɗu ke nan, sau biyu ko uku a mako, bayan ya yi barci da kamar awa ɗaya ko biyu sai ya zabura ya zauna yana ihu, idonsa a buɗe, gumi na karyo masa, wani lokaci har ya nufi ƙofa. Ko an kira sunansa ba ya amsawa, da safe kuma ba ya tuna komai. A asibiti aka ce a hana shi barci a kawo shi gwajin EEG, aka yi, aka ce sakamako lafiya lau. Yanzu wasu ’yan’uwa na cewa a yi MRI domin ita ce ke ganin komai, wasu kuma na cewa ba ciwon asibiti ba ne. Don Allah mene ne igiyoyin ƙwaƙwalwar da aka auna, me ya sa aka hana shi barci, kuma wane gwaji ne zai nuna gaskiyar abin da ke damunsa?”

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya ba yaro lafiya, ya saka muku da alheri bisa tsayuwar da kuka yi a kansa. Idan na fahimce ka da kyau, abin da ya ɗaure maka kai shi ne yadda na’ura za ta ce lafiya lau alhali kai da mahaifiyarsa kuna ganin abin da ke faruwa da idonku, sannan kana son sanin ko akwai wata na’urar da ta fi wannan gani wadda za ta raba gardama. Babu na’ura guda da ke ganin komai a cikin ƙwaƙwalwa. Kowace tambaya ɗaya take amsawa, kuma a irin matsalar ɗanka, bayanin da ku iyaye za ku bayar kan lokacin da abin ke zuwa da yadda yake kasancewa ya fi kowane hoto nauyi a wurin likita. Zan bi abin daki-daki, domin wanda ya san abin da kowane gwaji ke aunawa ba zai zuba kuɗinsa a inda babu amsa ba.

Abin da na’urar ta saurara

Ƙwaƙwalwar mutum tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma suna isar wa juna saƙo ne ta hanyar ɗan motsin lantarki da sinadarai. Motsin ƙwaya ɗaya ya yi ƙanƙantar da ba zai ratsa ƙoƙon kai ba, sai dubbai sun motsa a lokaci guda kafin wani abu ya iso fatar kai. Ko shi ma abin da ke isowa yawanci bai wuce kashi 10 zuwa 100 cikin miliyan na bolt ɗaya ba, alhali batirin tocila bolt ɗaya da rabi ne. Aikin EEG shi ne ta kama wannan ɗan motsi ta wayoyi kusan 21 da ake manna wa a kai, ta ƙara masa ƙarfi, ta zana shi layi-layi a fuskar kwamfuta. Ba ta sa wa yaro wuta, ɗauka kawai take yi. Na faɗi haka ne domin na sha ganin iyaye sun tsaya a bakin ƙofa jikinsu a sanyaye suna zaton za a ja wa ɗansu lantarki.

Wani likita ɗan Ingila, Richard Caton, shi ya fara gano wannan motsi a ƙwaƙwalwar zomaye da birai a 1875. Wanda ya fara ɗaukarsa daga kan mutum kuwa likitan ƙwaƙwalwa ne Bajamushe, Hans Berger, a 1924, kuma bai buga sakamakonsa ba sai a 1929. Masana ba su gaskata shi ba da farko, sai da Edgar Adrian da abokin aikinsa suka maimaita gwajin a Ingila a 1934 suka tabbatar.

Hanyar da nake bi in bayyana wa iyaye abin ita ce in ce su ɗauka mutum ne tsaye a bayan katangar makarantar allo. Idan kowane almajiri yana karatun allonsa shi kaɗai, abin da na waje zai ji guna-guni ne mai sauri wanda ba ya tashi sama sosai. Idan kuwa malam ya biya suka amsa baki ɗaya, sai sautin ya riƙa tashi da sauka a tare, da ƙarfi, a hankali. Na waje ba ya jin ayar da wani yaro guda yake karantawa, kuma na can ƙuryar zaure ma da kyar muryarsa ke isowa, amma yana iya sanin halin da makarantar take ciki. Haka EEG take. Idan mutum yana farke yana lissafi ko magana, sassan ƙwaƙwalwa kowane na aikin gabansa, sai layin ya fito ƙanana da sauri, bugu 13 zuwa 30 a daƙiƙa, su ake kira beta. Idan ya rufe ido ya natsu, sai wasu igiyoyi masu tsari su bayyana a ƙeya, bugu 8 zuwa 13 a daƙiƙa, su ne alfa, waɗanda Berger ya fara gani, kuma da ya buɗe ido sai su ɓace. Ƙasa da su akwai teta, 4 zuwa 8, masu zuwa da gyangyaɗi, sai delta, ƙasa da 4, manya masu tafiyar hawainiya, na barci mai nauyi. Akwai kuma gama, sama da 30, waɗanda sun fi amfani a ɗakin bincike fiye da asibiti.

Ma’anar kowace igiya tana rataye ne ga shekarun mutum da halin da yake ciki lokacin ɗauka. Delta a barcin yaro alamar lafiya ce, amma delta a babban mutum da ke zaune idonsa biyu alama ce ta cewa wani abu ya taɓa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa karanta wannan gwaji yake buƙatar ido mai horo. A ƙasa mai zafi irin tamu ma akwai ƙarin tarko: gumin goshi kaɗai yana sa layi ya riƙa lilo a hankali har ya yi kama da delta, wutar gida ko ta janareta tana shigo da ƙara mai bugu 50 a daƙiƙa, ƙifta ido da tauna da haɗiyar yawu duk suna barin alamarsu. Ma’aikacin da ya san aikinsa yakan tsaya ya goge fatar kai, ya sanyaya ɗakin, ya rubuta a gefe cewa a nan yaro ya motsa, a nan ya yi hamma, domin mai karantawa kada ya ɗauki motsin jiki a matsayin ciwo.

Yadda dare yake tafiya a cikin ƙwaƙwalwa

Mukan ce barci ƙanin mutuwa ne, kuma ga mai kallo daga waje haka abin yake, amma na’urar ta nuna cewa ƙwaƙwalwa ba ta ajiye aiki, salo kawai take sauyawa. A matakin farko, na gyangyaɗi, alfa takan watse teta ta shigo, kuma nan ne mutum kan ji kamar ya faɗa rami ya yi firgigit. Mintuna kaɗan ne. A mataki na biyu, wanda ke cin kusan rabin daren babban mutum, wasu alamu biyu kan bayyana: tarin ƙananan igiyoyi masu bugu 11 zuwa 16 da ke tasowa su kumbura su lafa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, waɗanda ke fitowa daga wata cibiya a tsakiyar ƙwaƙwalwa mai suna talamus, da kuma wata babbar igiya guda da kan tashi ita kaɗai, musamman idan an yi ɗan motsi a ɗakin. Bincike ya danganta waɗannan da kare barci daga hayaniya da kuma daidaita abin da aka koya da rana ya zauna a ka. Mataki na uku shi ne barci mai nauyi, inda delta ke mamaye layukan. A nan ne tashin mutum ya fi wuya, a nan ne jiki ya fi fitar da sinadarin girma, kuma yara sun fi manya samun wannan mataki nesa ba kusa ba.

Na huɗun shi ne mafi ban mamaki. A 1953, a Jami’ar Chicago ta Amurka, Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman suka lura cewa akwai lokutan da idon mai barci ke kai-komo da sauri a ƙarƙashin fata, igiyoyin ƙwaƙwalwarsa kuma su koma ƙanana masu sauri tamkar na farkakke, kuma idan aka tashe shi a wannan lokaci yawanci yakan ce mafarki yake yi. Wannan shi ne barcin motsin ido, kusan kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na barcin baligi. A cikinsa ƙwaƙwalwa takan kashe ƙarfin tsokokin jiki, ban da na ido da na numfashi, domin kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake mafarki. Idan hankali ya riga jiki farkawa daga wannan mataki, mutum zai ji yana sane amma ba ya iya motsi ko magana, ƙirji ya yi nauyi, tsoro ya rufe shi. Abin da muka sani da dannau ke nan, kuma cikin daƙiƙu ko ’yan mintuna yake sakin mutum.

Waɗannan matakai suna zagayowa ne kusan kowane minti 90, sau 4 zuwa 6 a dare, amma ba a raba su daidai ba, kuma a nan mabuɗin tambayarka yake. Barci mai nauyi ya fi taruwa a sulusin farko na dare, barcin mafarki kuwa ya fi tsawo can wajen asuba. Saboda haka agogon bango kaɗai yana ba likita labari mai yawa: abin da ke zuwa awa ɗaya ko biyu bayan kwanciya daga barci mai nauyi yake fitowa, mugun mafarkin da yaro zai farka sarai ya ba da labarinsa yana kuka kuwa ya fi zuwa a ƙarshen dare.

Abin da bayaninka ya fi kama da shi

Ban ga yaron ba, kuma hukunci na likitan da ya duba shi ne. Amma abin da ka siffanta, da shekarunsa, da lokacin zuwansa, da buɗaɗɗen idon da ba ya gane kowa, da gumi, da rashin tunawa da safe, duk sun dace da abin da muke kira firgitar dare, wadda ita da tafiya cikin barci da magagin barci ’yan ɗaki ɗaya ne. Abin da ke faruwa shi ne wani abu ya fizgo yaron daga barci mai nauyi amma bai fizgo shi gaba ɗaya ba. Sassan da ke kula da motsi da tsoro da bugun zuciya sun farka, sassan gaban ƙwaƙwalwa masu hankali da tantancewa da kuma masu ajiye abin tunawa suna nan cikin delta. Shi ya sa yake kallonku bai san ku ba, shi ya sa rarrashi ba ya shigarsa, shi ya sa kuma da safe babu abin da zai tuna, domin ba a rubuta komai ba tun farko. Abin ya fi yawa tsakanin shekara 3 zuwa 12, yana bin jini, kuma mafi yawan yara suna rabuwa da shi kafin su gama balaga. Ka tambayi iyayenka da na mahaifiyarsa, ba mamaki a samu wanda ya yi irinsa yana ƙarami.

Abubuwa biyu ne ke tayar da shi: abin da ke ƙara wa barci nauyi fiye da kima, da abin da ke katse shi. Na farkon kusan kullum bashin barci ne. Yayin da mutum yake farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, kuma gwargwadon taruwarsa gwargwadon zurfin delta idan an kwanta. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12 a kwana. To ka lissafa wa ɗanka. A Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan haura digiri 40, ɗaki ba ya shiguwa sai dare ya raba, jama’a na tsakar gida ana fira ana jiran iska, shi kuwa jiki sai zafinsa ya ɗan sauka kafin barci ya zauna. Yaron da ya kwanta ƙarfe 11, aka tashe shi da asuba don karatu, ya wuce boko, ya dawo Islamiyya, bai samu awa 7 cikakku ba, kuma idan abin ya ɗore kwanaki sai barcinsa na farkon dare ya yi nauyin da fita daga cikinsa ba ta zuwa sumul. Masu katsewar kuwa su ne zazzaɓi, cikar mara da fitsari, cizon sauro, ƙarar janareta ko talabijin, damuwa a gida ko a makaranta, da minshari mai toshe numfashi saboda kumburin naman maƙogwaro da na bayan hanci. Shayi mai kauri da lemon kwalba mai kola da goro suna ɗauke da kafeyin, wanda ke toshe aikin adenosin, kuma bayan kamar awa 5 rabinsa yana nan a jini, don haka ba abin ba yaro ba ne da yamma.

Me ya sa likita bai tsaya nan ba, ya nemi EEG? Saboda akwai nau’o’in farfaɗiya da ba sa zuwa sai cikin barci, kuma wasunsu ba su da faɗuwa da kumfar baki irin wadda jama’a suka sani. Akwai wadda ke tasowa daga gaban ƙwaƙwalwa: yaro ya zabura, ya yi ƙara, ya riƙa harba ƙafa ko ya sandare hannu ɗaya. Bambancinta da firgitar dare shi ne gajeruwa ce, sau da yawa ba ta kai minti ɗaya ko biyu ba, tana farawa farat ɗaya ta tsaya farat ɗaya, tana iya zuwa sau da dama a dare guda kuma a kowane lokaci na dare, sannan kowane zuwa kamar an kwafo na baya ne, motsi iri ɗaya a jere iri ɗaya. Firgitar dare kuwa takan ɗauki mintuna, ba ta cika wuce sau ɗaya a dare ba, kuma yau ya yi kaza gobe ya yi wani abu daban. Akwai kuma wata farfaɗiyar yara mai sauƙi da ke zuwa da karkacewar gefen baki da dalalar yawu da gurnani a maƙogwaro, jim kaɗan bayan kwanciya ko gab da farkawa, wadda kan tafi da kanta wajen shekara 16.

Hana barci, da ma’anar “lafiya lau”

Gwajin EEG na yau da kullum minti 20 zuwa 30 ne, kuma da wuya ciwo ya zo daidai lokacin. Abin da ake farauta shi ne sawun da farfaɗiya ke bari tsakanin tashi da tashi, wato wasu igiyoyi masu tsini da ke fitowa su ɓace cikin ƙiftawar ido. Don a tsokano su ne ake sa yaro ya yi ta jan numfashi da ƙarfi na minti 3, a kuma haska masa fitila mai walƙiya. Hana barci ma dabara ce irin wannan, mai amfani biyu: gajiyar kanta tana fito da waɗannan igiyoyi, sannan tana sa yaro ya yi barci a kan gadon gwaji, alhali gyangyaɗi da mataki na biyu su ne lokutan da suka fi bayyana. Likitanku ya bi hanyar da ta dace.

Sai dai “lafiya lau” a wannan takarda yana nufin ba a ga alamar farfaɗiya ba a cikin mintunan da aka ɗauka, a sassan da wayoyi ke iya ji. A cikin masu farfaɗiya tabbatacciya, gwajin farko ba ya kama fiye da kusan rabinsu, kuma wadda ke tasowa daga can ƙarƙashin gaban ƙwaƙwalwa ta fi kowace iya ɓuya. A ɗaya gefen kuma, akwai ’yan ƙalilan cikin yara masu lafiya da za a ga igiyoyi masu tsini a gwajinsu ba su taɓa ciwo ba kuma ba za su yi ba, kuma ina ganin zalunci ne a ɗora wa irin waɗannan magani na shekaru saboda takarda kawai. Don haka sakamakon ɗanka labari ne mai daɗi da ya ƙarfafa zaton firgitar dare, amma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Na taɓa ganin yarinyar da gwajinta ya yi ta fitowa lafiya, ana ta cewa firgita ce, sai ranar da mahaifiyarta ta miƙo mini wayarta da bidiyon darare daban-daban. A kowanne, yarinyar takan juya kai hagu, ta ɗaga hannun dama a sandare, ta yi ƙara ɗaya, kafin minti ya cika ta koma barci. Wannan maimaituwar ce ta warware matsalar, aka fara magani, ta samu sauƙi.

Su CT da MRI fa?

Waɗannan ba igiyoyi suke ji ba, siffar ƙwaƙwalwa suke nunawa. CT, wadda injiniya Godfrey Hounsfield ya ƙera aka fara gwada ta a kan majiyyaci a Landan a 1971, tana amfani da hasken eksire ne ta yanka hoton kai fai-fai. Cikin ’yan mintuna take gamawa, kuma babu kamarta idan an kawo wanda ya faɗo daga kabu-kabu ana tsoron zubar jini a ka ko karayar ƙoƙon kai, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye farat ɗaya. Amma tana da tururi, wato wannan haske marar ganuwa mai ratsa jiki, wanda ba a so a yawaita wa yara, kuma ƙananan tabo suna kuɓuce mata. MRI kuwa da maganaɗisu mai ƙarfi da igiyoyin rediyo take aiki, ba ta da wannan tururi, kuma ta fi nuna naman ƙwaƙwalwa dalla-dalla: ƙari, tabon da sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa ko wahalar haihuwa suka bari, ko wani sashe da bai ginu daidai ba tun a ciki. Paul Lauterbur da Peter Mansfield sun samu kyautar Nobel a 2003 saboda ita. Tana ɗaukar kamar rabin awa ko fiye a cikin rami mai ƙara, ba a son ko motsi, shi ya sa ƙananan yara sau da yawa sai an ba su maganin barci.

Maganar ’yan’uwanka cewa MRI na ganin komai tana da uzuri, domin hotonta yana burge ido, amma firgitar dare ba ta da siffa. Ƙwaƙwalwar mai ita ginanniya ce daidai, matsalar a sauyawa daga wani matakin barci zuwa wani take, kuma wannan ba ya fitowa a hoto. Ko masu farfaɗiyar ma da yawansu MRI ɗinsu lafiya take fitowa. Wani lokaci kuma hoton kan nuno wani ɗan abu marar illa da ba shi da alaƙa da ciwon, ya bar iyali cikin fargabar da ba ta da dalili.

Hotunan nan masu launin ja da rawaya da ake gani a intanet ana cewa ga inda tunani yake, na wata dabara ce da ake kira fMRI, wadda ta samo asali daga aikin Seiji Ogawa a 1990. Ba lantarkin ƙwayoyin take gani ba, tana bin sauyin iskar oksijin a jinin da ke kwarara zuwa sashen da ya yi aiki ne, kuma wannan sauyi sai bayan daƙiƙa 4 zuwa 6 yake kai ƙololuwa. Launukan lissafi ne aka ɗora a kan hoto. Ta fi EEG sanin wuri, EEG kuma ta fi ta sanin lokaci, domin tana bin abin da ke faruwa cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. PET kuwa ana yi wa mutum allurar sukari mai ɗan tururi ne a ga inda ya fi ƙonewa, kasancewar ƙwaƙwalwa, da ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, tana cin kusan kashi 20 na kuzarinsa. Da irin wannan na’ura ce masu bincike a Beljiyam suka nuna a 1996 cewa a barcin mafarki cibiyoyin tsoro da shauƙi suna aiki sosai yayin da sashen gaba mai auna hankali ya lafa, wanda ya yi daidai da yadda mafarki kan zo da ƙarfin ji amma babu kan gado. Waɗannan biyun kayan bincike ne da na shirin tiyatar farfaɗiya mai taurin kai. Babu ɗayansu da ɗanka ke buƙata.

Abin da nake ba da shawara

Kafin wani sabon gwaji, ku yi mako huɗu kuna rubutu. Mahaifiyarsa, ko duk wanda ke kwana kusa da shi, ta riƙa rubuta ƙarfe nawa ya kwanta, ƙarfe nawa abin ya zo, minti nawa ya yi, me ya fara motsawa, ko ya yi fitsari a kwance, ko ya ciji harshe, ko yana minshari, da ko ya kwana da zazzaɓi. Ku ajiye waya da caji da fitila kusa, ku ɗauki bidiyo tun daga farkon abin, jiki duka a ciki, ba fuska kaɗai ba, a cire masa mayafi. A cikin wannan lokaci ku riƙa kwantar da shi da wuri, awa ɗaya ko fiye kafin lokacin da ya saba, ya yi fitsari kafin ya kwanta, ya kwana cikin gidan sauro a inda ya fi sanyi, a ƙyale shi ya yi ƙailula idan da hali. Yara da yawa da wannan kaɗai abin yake raguwa. Tunda nasa yana da lokaci sananne, akwai dabarar da ke taimakon wasu: a ɗan taɓa shi kamar minti 15 kafin lokacin, har ya motsa ya yi magana, a bar shi ya koma, a yi haka kowane dare na ’yan makonni.

Idan abin ya zo, kada a girgiza shi, kada a watsa masa ruwa, kada a danne shi da ƙarfi, domin hakan ƙara masa ruɗu yake yi. A tsaya kusa, a tare masa hanya a hankali, a mai da shi shimfiɗa. A kulle ƙofar gida, a rufe rijiya, a kawar da murhu da wuƙa, kada ya kwana a kan soro ko gado mai tsawo, domin haɗarin firgitar dare a rauni yake. Da safe kuma kada a yi ta ba da labarinsa a gabansa ko a bar ’yan’uwansa su yi masa dariya, don yaro kan fara tsoron kwanciya, barcinsa ya ƙara raguwa, abin ya ƙaru.

Game da masu cewa ba ciwon asibiti ba ne, addu’ar kwanciya da tofi ga yaro abu ne da muka tashi a cikinsa, kuma ba ya karo da komai cikin abin da na faɗa. Abin da nake roƙo shi ne kada a ɗura masa wani abu a baki yana cikin halin, kada a turara masa hayaƙi a rufaffen ɗaki, kada a doke shi, kuma kada a daina zuwa asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da tashin ciwon idan sun samu maganin da ya dace, amma a ƙasashenmu da yawa ba sa isowa sai bayan shekaru.

Akwai alamun da idan kun gan su ba za ku jira cikar mako huɗun ba: jijjiga ko sandarewar jiki, abin ya fara zuwa sau da yawa a dare ɗaya ko da rana, ya riƙa ɗauke wuta na ’yan daƙiƙu yana tsakiyar magana, ciwon kai da amai da sassafe, raunin hannu ko ƙafa, sauyin tafiya ko gani, ko karatunsa ya ja baya. Jijjigar da ta wuce minti 5 kuwa ta gaggawa ce: a kwantar da shi ta gefe, kada a sa cokali ko yatsa a bakinsa, a nufi asibiti. A irin waɗannan halaye ne MRI take da gurbi, kuma a nan Sakkwato likitanku zai iya tura ku ga likitocin yara da na jijiya a Asibitin Koyarwa na Jami’ar Usmanu Danfodiyo, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Idan bidiyon ya nuna motsi iri ɗaya mai maimaituwa, mataki na gaba shi ne a sake EEG mai tsawo wadda yaro zai yi barci sosai a cikinta, da kyamara idan akwai, sannan MRI ta biyo baya. Ranar gwajin a wanke masa kai da sabulu, kada a shafa mai, ya ci abincinsa kamar kullum, kuma idan an riga an ɗora shi a kan wani magani kada a tsayar sai likita ya ce. Idan kuwa rubutun da bidiyon suka tabbatar da firgitar dare, yawanci ba a ba da magani, gyaran barci da tsare shi daga rauni sun isa, sai a duba maƙogwaronsa idan yana minshari.